ALMAKASHIN LIKITA BA NA TELA BA NE

Jama'ar Sandamu, da ku 'yan kasuwa na ƙasar Daura, yau maganarmu a kan wani haraji ne wanda ba dagaci ke tarawa ba, ba a kuma ba talaka takardar shaidar biyansa, amma yana biya ran da ciwo ya kwantar da shi. Watau kuɗin fito da kwastan ke karɓa a kan kayan fiɗa.

Kowa ya sani, in haihuwa ta zo wa mace da gardama, ko ƙaba ta shaƙe manomi, sai a nufi asibitin Daura, in abin ya faskara a zarce Katsina. To, askar da likita zai ɗauka, da almakashi, da hantsaki, galibinsu ba a ƙasar nan aka ƙera su ba. Daga Siyalkot ta Pakistan suke zuwa, ko Tutlingen ta Jamus, ko Sin. Kafin su iso hannun likita sai sun bi ta hannun kwastan a Ikko.

Kwastan suna da wani babban littafi wanda kowane irin kaya ke da lambarsa a ciki. Hukumar Kwastan ta Duniya ce ta tsara lambobin, aka soma aiki da su a 1988. Kayan aikin likita da na fiɗa suna ƙarƙashin lamba 9018. Almakashin tela da na wanzami suna 8213, wuƙaƙe kuma 8211. Tun 2015 Nijeriya ke bin ma'aunin ECOWAS mai hawa biyar: ba ko kwabo a kan kayan da rayuwa ba ta yiwuwa sai da su, sannan kashi 5 cikin ɗari, da 10, da 20, har 35. Lambar da aka rubuta wa kayanka ita ke nuna hawan da za ka biya.

Ku 'yan kasuwa ba a koya muku lissafi. Kayan naira miliyan 10, in an sa su a hawan kashi 5, fitonsu dubu 500 ne. In alƙalami ya karkata suka faɗa hawan kashi 20, miliyan 2 ke nan. Kaya dai su ne, jirgi shi ne, lamba kaɗai ta sake. Ga shi kuwa bisa farashin dala ake lissafin fito. Dalar da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. In kuma gardama ta tashi a kan lamba, kaya su kwanta a tasha, kuɗin ajiya na hawa kowace safiya.

Wa ke biya? Mai shigo da kaya ya ɗora wa dillali, dillali ya ɗora wa asibiti, asibiti ya ɗora wa majinyaci. A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita. Ƙarshenta dai akuyar wata baiwar Allah ce za a ja zuwa kasuwa, ko a fasa rumbu tun damina ba ta faɗi ba. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, har da Daura a ciki. Ashe an kori haraji ta ƙofar gida, ya zagayo ta ƙofar asibiti?

Abin takaici, ƙa'idar littafin ba ta da duhu. Ta ware kayan likita daga sashin wuƙaƙe da almakasai na yau da kullum. Amma da Turanci aka rubuta shi, kuma ƙaramin ɗan kasuwa bai san abin da ke ciki ba sai abin da ejan ya faɗa masa. Ba mu ce kowane ma'aikacin kwastan macuci ne ba. Mun ce inda mai kaya bai san farashi ba, nan ciniki ke lalacewa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gwamnati za ta ce ai ta yi abin kirki, gama a watan Yuni na 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umurnin yafe fito na shekara biyu. Madalla. Amma injuna da kayan haɗi na masana'antun magani da kayan asibiti aka nufa da shi. Mai naƙuda ba za ta jira a gina masana'anta ba, almakashi take bukata a daren nan.

Wasu kuma za su ce in an sassauta, mayaudara za su shigo da almakashin wanzami da sunan na likita. Gaskiya ne, akwai masu hali irin wannan. To, ai hukumar NAFDAC ke rajistar kayan asibiti. A nemi takardarta, wanda aka kama da ƙarya a hukunta shi. Ba a hana dukan gari shan ruwa don ɓarawo ya sha a rijiya.

Saboda haka muna kira da abu uku. Na ɗaya, dukan kayan fiɗa da ba a ƙera irinsu a ƙasar nan a sa su a hawan da ba a biyan kome, a kuma kai maganar gaban ECOWAS in sai da yardarta. Na biyu, a buga jerin lambobin nan da Hausa, a manna a ofishin kwastan na Katsina da kan iyakar Kongolam, a karanta a rediyo. Na uku, a 2024 kwastan suka fito da tsarin da mai kaya zai nemi hukunci a rubuce a kan lambar kayansa tun kafin su iso. A sauƙaƙa shi yadda ɗan kasuwar Daura zai iya nema ba sai ya biya lauya ba.

Ya ku talakawa, duk wanda ya zo Sandamu neman ƙuri'a, ku bar shi ya gama zancen shinkafa da atamfa, kana ku tambaye shi: nawa ne fiton askar likita, kuma me ya yi a kai a majalisa? In ya yi shiru, kun san amsar da za ku ba shi ran zaɓe.