Tsatsar Mota: A Kai Ga Farin Ƙarfe Kafin a Shafa Fenti

Tsatsa ita ce abin da ƙarfe ke komawa idan danshi da iska suka daɗe a kansa. Iskar oksijin ce ke haɗuwa da ƙarfen, ruwa kuma shi ke ba ta hanya, gishiri ya ƙara wa abin sauri. Tsatsa kamar soso take, tana shan ruwa ta riƙe shi a jikin ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Ta kuma fi ƙarfen da ta cinye cin wuri, shi ya sa take tura fenti ya kumbura. Farantin jikin yawancin ƙananan motoci bai kai kaurin milimita 1 ba, don haka ɗan tabon da aka raina bana yana iya zama huda cikin damina biyu ko uku.

Masana'anta tana sallamar mota da kariya hawa-hawa. Akwai ruwan tutiya, irin wanda ke hana kwanon rufi tsatsa, sai fentin farko, sai na launi, sai mai sheƙi a sama. Muddin wannan kariya tana nan lafiya, ƙarfe na nan lafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: tsakuwar da taya ta harbo, ƙarcen itace a hanyar daji, gogar babur a tasha, ko zafin walda.

Direbobi da dama a yammacin Zamfara na ɗaukar tsatsa a matsayin cutar motocin Legas da Fatakwal, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri. Gaskiya ne dogon ranin yankin yana taimakon ƙarfe, amma tsatsa na da ƙofofi uku a Anka da Gummi da Bukkuyum. Ta farko ita ce asalin motar. Yawancin Golf da Sharon da ke jigila tsakanin Gusau, Mayanchi, Anka, Daki Takwas da Gummi na hannu ne, 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano, kuma da yawansu sun yi shekaru a ƙasashen da ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara. Irin waɗannan da ciwonsu suke isowa.

Ta biyu ita ce damina. Da zarar mota ta sauka daga kwalta ta nufi ƙauyuka, taɓo yakan cika bayan tayu da lungunan shasi, ya bushe a sama, cikinsa ya kwana da danshi har makonni. Gummi kuma tana bakin Gulbin Zamfara, ambaliyar watan Agustan 2024 ta nuna yadda ruwa ke shiga gari. Motar da ruwa ya shige ta, shimfiɗar ƙasanta takan riƙe laima bayan an ɗauka ta bushe. Ta uku ita ce kaya. Takin zamani, gishiri, fitsarin awaki da tumakin da ake kaiwa kasuwa, da ruwan batir da ke ɗiga a mazauninsa, duk suna cin ƙarfe fiye da ruwan sama.

Kafin a taɓa komai sai an san matakin da tsatsar ta kai. Akwai ta sama, wadda ja ce kawai a inda fenti ya ɓare. Akwai mai ɓawo, wadda ta kumbura fenti ta bar ƙananan ramuka a ƙarfe. Akwai kuma wadda ta huda. Ana gane bambancin da bakin sukudireba: idan aka danna wurin ya ba da ƙara mai ƙarfi, ƙarfe na nan; idan ya lotsa ko ya zubo da gari, aiki ya wuce goga.

Ta sama da mai ɓawo hanyarsu ɗaya. A wanke wurin da sabulu ya bushe sarai. A kankare ɓawon da burushin waya, a bi da sanfefa mai kaushi, lamba 80, har sai farin ƙarfe ya fito yana ƙyalli, a kuma zarce gefen tabon da faɗin yatsu biyu, domin tsatsa na rarrafe a ƙarƙashin fentin da ido ke gani lafiyayye. Ramukan da sanfefa ba ta kai ciki ba, a shafa musu ruwan kashe tsatsa. Wani ana yin sa da asid ɗin fosforik, wani da tanin, sinadarin nan da ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Dukansu suna mayar da ragowar tsatsar baƙa, ta daina ci. Sannan a lallashe gefen tsohon fenti da sanfefa mai laushi, a goge maiƙo da ƙura da tina, a shafa fentin farko a ranar. Ƙarfen da aka goge aka bari ya kwana tsirara a cikin raɓa, da safe zai wayi gari da sabon ja. Bayan fentin farko ya bushe sai na launi, shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne a bari ya sha iska.

Wadda ta huda ba ta da magani sai yanka. Fanal bita zai yanke ruɓaɓɓen wurin har ya kai lafiyayyen ƙarfe, ya yanko faranti daidai gurbin, a yi walda, bayan an cire kan batir an kuma kauce wa tanki da bututun mai. Abin da aka fi mantawa shi ne bayan farantin. Wutar walda tana ƙone kariyar ciki da waje, sai a gyara fuskar da ake gani a bar cikin tsirara, daga can tsatsar ke dawowa. Dole a shafe bayan da fenti da giris.

Babban kuskuren da ya zama ruwan dare a garejoji shi ne ɗora bodifila a kan tsatsa. Aikin fila shi ne daidaita ɗan lotsawa a kan ƙarfe mai tsabta, da kaurin da bai wuce milimita kaɗan ba. Idan aka cusa ta a huda, ko aka dama ta a kan jan ƙarfe, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Fila tana shan danshi, tsatsar ta ci gaba a ɓoye, damina ɗaya ta tsage. Laifin na mai gyara ne da mai mota tare, domin mai mota ne ke cewa a yi masa na araha, gobe yana da lodi. Idan ruɓar ta kai shasi, mazaunin sifirin ko bututun birki, magana ta koma ta rai. A hanyoyin da 'yan bindiga suka addaba, lalacewar mota a tsakiyar daji hatsari ne na daban. Mai sayen mota ta hannu ya tafi da ɗan maganaɗisu: inda ya ƙi kama jikin ƙarfe, fila ce jibge a wurin.

Ƙurar goga ma abin kula ce, kuma mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin dalili. A shekarar 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da Dareta, Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Wasu tsofaffin fentin mota da wasu jajayen fentin hana tsatsa suna ɗauke da dalma. Saboda haka a riƙa jiƙa sanfefa da ruwa wajen gogar fenti, a sa takunkumi, kada a yi aikin a tsakar gida inda yara ke rarrafe, kuma yaran gareji su wanke hannu kafin cin abinci, su bar kayan aiki a wurin aiki.

Hana yaɗuwa ya fi gyara sauƙi da araha. A wanke ƙarƙashin mota da bayan tayu duk lokacin da ta dawo daga hanyar taɓo. A tsokane ƙananan hudojin da ke ƙasan ƙofofi da waya don ruwa ya samu mafita. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shanya ta idan ta jiƙe, a canza robar gilashin da ke yoyo. A shimfiɗa tamfol kafin a loda taki ko dabbobi, a ɗauraye bayan an sauke. Baƙin man da ake fesawa a ƙarƙashin mota yana korar ruwa, amma yana lalata robobi yana kuma gurɓata ƙasa. Giris mai tsabta ko fentin kwalta a kan busasshen ƙarfe mara tsatsa ya fi shi.

Lokacin da ya fi dacewa da babban gyara shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, hazon hunturu bai yi nauyin da zai ɓata ɗanyen fenti ba, kuma amfanin gona ya kawo kuɗi a hannu. Sai a sake duba ƙarƙashin motar a watan Mayu, a toshe duk inda fenti ya ɓare kafin ruwan farko ya sauka.