Tiyatar hannun yaro: ku tambayi allurar kashe zafi ta jijiya

A Jega, Aliero da Maiyama, idan yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ko injin markaɗe ya kama masa hannu, galibi wurin mai ɗori ake fara kai shi, tunda Aliero ta yi suna a wannan sana'a. Sai hannu ya kumbura ko ɗori ya karkace ake nufar asibiti, wani lokaci a tura ku Birnin Kebbi ko Sakkwato domin tiyata. Bayan aikin, da me za a kashe masa zafi?

A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol, saboda suna iya danne numfashi. A 2018 Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin. Duk da haka, tiramadol bai yi wuyar samu a wasu kemis ba, kuma kukan yaro da dare kan sa iyaye su neme shi.

Akwai hanya mafi aminci. Bayan yaro ya yi barci, likitan allurar barci kan zuba magani irin su bupivacaine kusa da jijiyoyin hannu, a hammata ko saman ƙashin wuya, yana duba su da na'urar sikanin. Hannun kan mutu na sa'o'i da dama, yaro ya farka ba zafi, amai ma ya ragu. Matsalar ita ce ƙarancin waɗannan likitoci da na'urori, musamman a ƙananan asibitoci. Saboda haka ku tambaya tun kafin ranar aiki.

Idan an yi ta, ku kula:

- Ku fara ba shi farasitamol daidai nauyinsa a lokacin da likita ya faɗa, kafin allurar ta sake shi.
- Ku ɗora hannun kan matashi, ku nisanta shi daga wuta da ruwan zafi, don ba zai ji ƙuna ba.
- Idan yatsu sun yi sanyi, sun canza launi, ko zafi ya ƙi jin magani, ku koma asibiti nan take. Ƙila ɗaurin ya matse jini.
- Idan bayan kwana ɗaya hannun bai farfaɗo ba, ku sanar da likita.

Kada ku ba yaro tiramadol, komai kukansa.