Ba kowane tabo a huhu ne tarin fuka ba

A Batsari ko Safana, idan tari ya wuce mako biyu, hoton ƙirji kuma ya nuna ɗan tabo a huhu, tarin fuka ake fara zargi. Akwai dalili, domin cutar ta yi yawa a Najeriya, kuma maganinta na wata shida kyauta ne.

Matsalar ita ce majinyacin da gwajin kaki na GeneXpert bai nuna komai ba, aka ɗora shi kan magani, amma yana ta ramewa. Tabon kan iya zama ciwon daji, wanda tiyata ke iya cirewa idan an gano shi tun yana ƙarami.

Leƙa huhun ne ke raba gardama. Likita kan zura siririn bututu mai kyamara ta hanci ko baki, ya bi hanyoyin numfashi, ya tsinko ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Likitan Japan, Shigeto Ikeda, ne ya ƙirƙiro mai lanƙwasuwa a 1966. Tabon da ke can gefen huhu ya fi wahala, sai hoton CT ya yi wa likita jagora.

Wannan aikin manyan asibitocin koyarwa ne, ba wanda ke sa ran ganinsa a ƙauye. Abin da ya rage wa Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina shi ne ta kafa ƙa'ida: wanda bai samu sauƙi ba bayan wata biyu a tura shi gaba da takarda, a kuma biya masa kuɗin mota. Manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ba shi da na zuwa Katsina, balle Kano.