An Ba Ɗanmu Rashanci a Jami'a

Kwanan baya wani dattijo a zangonmu ya tare mu rai a ɓace: jami'a ta ba ɗansa karatun Rashanci, shi kuwa lauya yake so. "Malam, wa ya taɓa cin abinci da wannan yare?" Har yana shirin hana yaron tafiya.

Muka ce Baba, a bi sannu. Rashanci na cikin harsuna 6 da Majalisar Ɗinkin Duniya ke aiki da su. Kuma gidansu babba ne, gidan harsunan Silab. Wanda ya iya shi, harsunan Yukiren, Bulgeriya da Folan ba za su gagare shi ba. Baƙaƙensa 33, cikin 'yan kwanaki yaro zai haddace. Nahawun ne dai sai an dage, don suna ɗaya kan sauya kama har gida 6.

Abin da ya sanyaya jikin Baba kuwa, tun 1963 aka buga ƙamus na Hausa da Rashanci a Mosko, a ƙarƙashin Farfesa Olderogge. A Jami'ar Warso ma ana koyar da Hausa. Ya ce, "Hausar tamu?"

Yaron dai ya tafi. Kuɗin littattafai muke haɗa masa yanzu.