A Koya a Jikin 'Yar Tsana, Kada a Koya a Jikin Iyayenmu



Mun san wasu za su ce ina ruwan 'yan aji biyu da zancen haihuwa. Da kunya kam, amma a ajinmu akwai waɗanda suka rasa uwa ko ƙane a wajen naƙuda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020, cikin matan da suka mutu a dalilin ciki da haihuwa a duniya, fiye da ɗaya cikin huɗu 'yan Najeriya ne.

Tun 2010 akwai shirin Helping Babies Breathe. Ungozoma tana gwaji da 'yar tsana mai kama da jariri, ana kiranta NeoNatalie. Za ta goge ta, ta hura mata iska da 'yar jakar roba, har hannunta ya saba, domin jaririn da bai yi kuka ba minti ɗaya ake da shi a taimaka masa ya fara numfashi. In ta yi kuskure sai ta sake, ba wanda ya mutu. Daga baya masu bincike a Legas da Kenya sun mayar da darasin cikin waya. Ana saka wayar a wani tabarau, sai ma'aikaciya ta gan ta kamar a ɗakin haihuwa. An wallafa binciken a 2021.

Muna goyon bayan wannan, amma da sharaɗi. A watan Satumba na 2021 ɗin nan aka katse sabis a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa saboda matsalar tsaro, ko kira ba ya shiga. Wuta kuwa kun sani. Don haka a fara kawo 'yar tsanar, ita ba ta cin caji. Darasin tabarau kuma ya zauna a cikin wayar ba sai da data ba, kuma ya yi Hausa, don mata masu zuwa awo su ma su gane alamun haɗari irin su zubar jini da jijjiga.

Roƙonmu ga gwamnatin jiha da makarantar ungozoma ta Malumfashi: kada horon ya tsaya a birni. Ungozomar ƙauye ce ta fi bukatarsa, domin in naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare ba direban da zai yarda ya hau hanyar Sabuwa, ita kaɗai ce a ɗakin da fitilarta.