Kada a Biya Fansar Kwamfuta

Manomin Bichi ko Ɗambatta kan ware iri ya adana daban, saboda gudun gobarar rumbu. Ya kamata malami mai kwamfutar tafi-da-gidanka ya yi koyi da shi. Akwai muguwar manhaja mai kulle bayanai sai an biya fansa; WannaCry ta yi wannan ɓarna a ƙasashe kimanin 150 a 2017. A ganinmu kada a biya, domin ɓarawo ba shi da alkawari. A katse intanet, a nemi mabuɗi kyauta a shirin No More Ransom ta wata na'urar. In bai samu ba, a goge komai, a sake ɗora manhaja. Malamin da ya kwafi makin ɗalibansa a filashi tun farko, irinsa ya tsira.