Makulli Ya Cije, Aka Ɓalle Ƙofa

A unguwar Television da maƙwabtanta irin su Barnawa da Kakuri, gidaje da dama sun zama rabin ofis. Akanta na da kwamfuta a ɗaki, uwargida malamar makaranta na da laftof a falo, takardunsu duka na cikin folda guda da aka raba ta Wi-Fi, aka laƙaba mata harafin Z:. Ran da jar alama ta hau kan harafin, folda ta ƙi buɗuwa, sai a kira mai gyara. Cikin minti goma ya kunna SMB1, ya kashe neman kalmar sirri, wani sa'in har da katangar tsaron Windows, ya karɓi kuɗinsa. Folda ta buɗu, a yi masa godiya. Wannan aika-aika ce, kuma ya kamata mu daina biyan kuɗi a kanta.

Sau da yawa laifin na wuta ne. Rauta aron adireshi take ba kowace na'ura. Idan Nepa ta ɗauke, ko aka juya zuwa janareto, rautar ta mutu ta tashi, tana iya sake rabon. Kwamfutar da jiya take 192.168.0.101 yau ta koma 103, shi kuwa Z: yana can yana ƙwanƙwasa tsohon gida. Maganin shi ne a shiga shafin rautar a keɓe wa kwamfutar adireshi na dindindin. Wani lokaci ma Windows ce ta riga Wi-Fi farkawa, da an danna harafin sai ya buɗe. Saura kuwa ba su wuce hanyar sadarwar da aka yi wa lakabin Public maimakon Private ba, ko tsohuwar kalmar sirri da ta maƙale a Credential Manager. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya buƙatar SMB1.

To mene ne SMB1 ɗin? Tsohuwar ƙa'idar musayar fayil ce ta shekarun 1980, wadda aka yi wa magajiya tun zamanin Windows Vista. Ta ɓarakar da ke cikinta WannaCry ya bi a ranar 12 ga Mayun 2017, ya kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, yana neman fansar dala 300. An toshe wannan ɓarakar, gaskiya ne, amma har yau SMB1 ba ta iya ɓoye bayanan da ke wucewa. Shi ya sa Microsoft ta soma fitar da ita daga Windows 10 a ƙarshen 2017, sannan a 2024 Windows 11 Pro ta daina yarda da shiga folda a matsayin baƙo marar kalmar sirri. Abin da mai gyara ke kira "matsalar sabuwar Windows" da gangan aka yi shi.

Za a ce ai gida ne, wa zai kawo hari? A ƙirga masu kalmar sirrin Wi-Fi ɗin: 'ya'ya, abokansu, maƙwabcin da aka ba tun bara. Laftof guda da ya kwaso cuta daga filashi ya isa, domin manhajar neman fansa takan bi duk harafin da ta tarar, har da Z:. Can kuwa ake jibge takardun haraji na mutane da sakamakon jarrabawar yara, waɗanda amana ce.

Akwai inda mai gyara ke da uzuri. Wasu tsofaffin rautoci masu ramin USB ba su jin wani yare sai SMB1, mai gida kuma yana tsaye a kansa yana neman sauri da araha. Amma ko a nan haƙƙinsa ne ya faɗi gaskiya cewa na'urar ta tsufa: a sabunta manhajarta idan kamfanin ya fitar da sabuwa, in babu a cire faifan a jona shi da kwamfuta, a buɗe wa kowane mutum asusunsa da kalmar sirrinsa. Wanda kuma aka riga aka yi wa wancan gyaran, ya buɗe Windows Features yau ya duba ko akwatin SMB 1.0 na da maki, ya cire.